Ingarman da Na Kai Wa Yayana Kebbe

Ana idar da sallar asuba muka kama hanyar tasha, ni da wani abokin aikina da muke koyarwa a makaranta ɗaya a nan Tambuwal, kowa da kwali a hannu. Nawa ƙarami ne, a hammata na saƙale shi. Nasa kuwa sai da ya sa kafaɗa, yana tafe yana mita, wai shi rakiya ya zo ba dako ba. Kebbe muka nufa, wurin yayana. Ku da kuke bibiyata kun san ba na yawan ba da labarin tafiya, amma wannan ta tsaya mini a maƙoshi, gara in faɗa ko na ji sauƙi.

Yayana yana da shago a bakin kasuwar Kebbe. Shi ke ɗaukar bidiyon biki da suna da saukar karatu, ya dawo ya haɗa a kwamfuta, ya tura wa mutane a waya. Kwamfutar ta tsufa, bidiyon zamanin nan ya yi mata nauyi. Aikin biki ɗaya sai ta wuni tana nishi, wani lokaci ta kai rabi ta tsaya cak. Masu tsokana har cewa suke amarya kan haihu kafin ta ga bidiyon aurenta. Mutane suka fara kawo aikinsu Tambuwal. Da abin ya ishe shi, sai ya kama ɗaya daga cikin shanun huɗarsa biyu ya kai kasuwa, ya ce zai sabunta cikin kwamfutar, kuma kafin ruwa ya sauka bukukuwan bazara za su mayar masa da sansa. Ni ne malamin kwamfuta a gidanmu, don haka ni aka ɗora wa zaɓe.

Bari in yi wa waɗanda ba harkarsu ba ce bayani a gajarce. Furosesa shi ne ƙwaƙwalwar kwamfuta, amma ba a sayensa shi kaɗai. Kowane furosesa da irin madabod ɗinsa, wato allon da yake zama a kai, da irin ram ɗinsa, wato inda yake ajiye aikin da ke hannunsa, da fankar da za ta sanyaya shi, da fawar da za ta ba shi wuta. Kamar aure ne, in ka zaɓi mutum ka zaɓi danginsa. Dangi biyu ne a kasuwa. Akwai na gama-gari, wanda ofisoshi da ƙananan shaguna ke amfani da shi, yana aiki da sauri daidai gwargwado, ba ya cin wuta, kayansa kuma ko'ina ana samu. Akwai kuma na 'yan sha'awa da manyan situdiyo. Shi wannan faɗinsa ya kusa tafin hannu, ma'aikatan da ke cikinsa, waɗanda ake ce wa kwa, sun ninka na wancan, gurbin ram takwas ne a allonsa maimakon huɗu, ga wuraren soka kati da faifai kamar ba za su ƙare ba. Abin sha'awa ne, ni ma ina son sa. Sai dai yana shan wuta ba tausayi, kuma duk abin da ya sha zafi yake mayar da shi.

Na san wutar yayana kamar yunwar cikina. Ta gwamnati sai a yi kwanaki ba a gan ta ba. Sola yake da ita, 'yan farantai a kan kwano, da batura biyu da suka ga jiya suka ga yau, da wata ƙaramar inbata mai juya wutar batir ta koma irin ta gida. Na faɗa masa a waya cewa na gama-gari ne daidai da shi. Amma waya da mutumin Kebbe, rabi magana ce rabi "kana ji na?" Ga shi wani ya riga ni, ya ba shi labarin wani situdiyo a Sakkwato da ke da babban. Ya ce shi ba zai yi cinikin biri a sama ba, in kawo duka biyun ya gani da idonsa.

Mai sayar da kayan a Sakkwato ya san mahaifinmu tun yana raye, shi ya sa ya yarda ya aiko su a kan amana ta hannun wani direba. Kuɗin san suna hannun mai kayan. Ƙaramin sabo ne fil, in shi aka ɗauka akwai canjin da zai sayi batir sabo. Babban tokumbo ne, shi da fankarsa da fawarsa da ram sun haɗiye kuɗin gaba ɗaya. Ya liƙe kowane kwali da salatif ya sa hannu a kai, sharaɗinsa ɗaya ne: wanda aka yage, shi aka saya. Na amsa da karsashina, don a ganina da zarar na ajiye su gefe da gefe magana ta ƙare.

A tasha muka sha koko da ƙosai muna jiran mota ta cika. Ƙosan ya rame, kuɗin mota ya yi ƙiba, ya kusa ninka na bara. Direba ya so ya cusa babban kwalin a but, ƙarƙashin buhunan gishiri, na ce sam. Ƙarshe sai da na biya masa kujera guda. Abokina ya dube shi ya dube ni, ya ce tun da yake shiga mota bai taɓa samun sarari irin na wannan kwali ba, Allah ya mai da shi furosesa.

Hanyar da farko da dama-dama, daga baya sai direba ya koma zaɓen ramin da ya fi sauƙi. Duk girgizar da motar ta yi sai na ji ta a ƙirjina, na kai hannu na dafe kwalin. Gonaki an gama sassabe, an tara kara an ƙona, ga tulin taki nan da can ana jiran ruwa. Rana ba ta gama fitowa ba amma iska ta fara zafi. Mun wuce 'yan mata da ƙoren nono a ka, da masu mangwaro a bakin hanya, da amalanke bayan amalanke, kowacce shanu biyu ke jan ta. Ban so idona ya riƙa tsayawa a kansu ba, amma ya ƙi. Akwai wani daji da muka shiga, hirar motar ta mutu ba wanda ya ce a yi shiru, wata tsohuwa ta fito da carbi. Sai da rufin kwanon wani ƙauye ya bayyana sannan aka ci gaba da gardamar farashin taki daga inda aka tsaya. A wani shinge aka tambayi abin da ke cikin kwalin, na ce ƙwaƙwalwar kwamfuta ce. Mutumin ya jinjina kai ya ce lallai kwamfutar nan ta fi shi tunani, mu wuce.

Da hantsi muka shiga Kebbe. Tun daga nesa na hango abin da ban yi tsammani ba. An share gaban shagon an yayyafa ruwa, an shimfiɗa tabarmi, mutane zaune. Ga tela, ga mai shayi, ga mai cajin waya na kusa da shi, ga 'yan majalisarsu kusan duka. A kan kujera kuma, da farar riga da sanda, surukin yayana ne, uban matarsa. Na manta, ko in ce zaman aji ya mantar da ni, cewa a wurinmu ba a buɗe babban saye a ɓoye. Wanda ya sayi babur ko injin niƙa a gaban jama'a yake kwance shi, dattijai su taɓa su sa albarka. Garin duk ya san yayana ya sai da sa don ya sayi inji, kowa ya zo ganin abin da sa ya zama.

Aka gaisa, aka kawo fura mai sanyin randa, don ƙanƙara a Kebbe a wannan lokaci sai mai hali. Yayana yana ta fara'a, ya sa sabuwar hula. Ya ce in yi wa mutane bayani. Ciwon malami ke nan, da ya ga an zauna an yi shiru sai bakinsa ya buɗe. Na miƙe na ajiye kwalayen biyu a kan benci, na nemi misalin da kowa zai gane, na kuwa samu wanda na ɗauka ya fi kowanne kyau.

"Wanga ƙarami awa jaki yake," na ce. "Ci kaɗan, aiki kullum, kowane talaka na iya riƙon shi. Wanga babba ko ingarma na, sai gidan da ad da hatsi."

Wallahi a raina jakin nake yabo. Amma kafin in rufe baki majalisa ta ɗauki dariya. Tela ya tafa hannu ya ce, "Ashe an sai da sa a sawo jaki." Surukin bai yi dariya ba. Ya miƙa wa na kusa da shi sandarsa, ya ɗaga ƙaramin kwalin da hannu ɗaya ya ajiye, ya ɗaga babban da hannu biyu, ya jinjina shi yadda ake jinjina rago a kasuwa, ya ce ma sha Allah. Iyakar abin da ya faɗa ke nan, amma ya isa. Na dubi yayana na ga fara'ar ta bushe a fuskarsa.

"Malam," ya ce mini, kuma ba ya kirana Malam sai ransa ya ɓaci, "gidanmu na babu hatsi?"

Na ce ba haka nake nufi ba, Yaya, wutar nake dubawa. Ya nuna sama da haɓa ya ce ko rana ta ƙare a Kebbe ne. Aka sake dariya. A nan ya kamata in kama hannunsa in ce, Yaya, mu shiga daga ciki. Maganar tana bakina. Amma ƙane ba ya jan yayansa gefe a gaban surukinsa kamar mai tsawata wa yaro, kowa zai gane me ake nufi, kunyar sai ta fi ta farko. Ina tsaye ina auna wannan da wancan, ya zaro makullin babur ɗinsa ya tsaga salatif ɗin babban kwali daga wannan kusurwa zuwa waccan. Aka yi ta Allah shi sa albarka. Magana zarar bunu ce, ni na zaro, a gaban mutane kuma.

Kafin azahar muka zauna ɗaura shi. Allon da ƙyar ya shiga gidan tsohuwar kwamfutar, fankarsa kuwa ta kai girman burodi, murfin gefe ma ya ƙi rufuwa. Abokina yana riƙe mini fitilar waya, yau ba tsokana. Matar yayana ta aiko da dambu da man gyaɗa, da saƙon cewa in injin ya yi kyau ta yafe mini kazar da take bina tun sallah. Na ci ne kawai don kada a ce ban ci ba.

Da na danna makunni fankoki suka ɗauka da ruri, fitilu suka kama. Muka sa masa bidiyon wani biki da ya kwana biyu yana jira, wanda tsohuwar ta kasa gamawa. Ba zan ɓoye muku ba, abin ya yi kyau. Layin da ke nuna ci gaban aiki, wanda a da sai ka je ka yi salla ka dawo bai motsa ba, ya riƙa tafiya ana gani. Mutane suka cika ƙofa. Yayana ya dafa kafaɗata yana murmushi, irin murmushin da rabona da shi tun muna yara. Har na fara ce wa kaina ko ni ne na cika tsoro.

Sai inbata ta fara ƙara, tit, tit, tit. Kafin wani ya tambaya allo ya yi baƙi.

Muka sake kunnawa. Yana zaune lafiya in ba a ba shi aiki ba, da an sa masa bidiyon sai ya ja wuta gaba ɗaya, inbata ta yi kuka ta yanke. Muka cire fankar shago, muka cire firinta, muka kashe ƙwan da ke sama. Ya ƙara ɗan lokaci kaɗan ya sake mutuwa. Wannan fa da rana tsaka ne, a bazara, lokacin da sola take kan ganiyarta. Na shiga cikin saitinsa na rage masa ƙarfi iya yadda zai ragu, baturan dai sun gaji, ba su iya ɗauka ba. Mai caji ya ara mana ƙaramin janaretonsa. Shi ya ɗauka, yana tari yana hayaƙi. Amma shagon kwano ne, ba silin, ga zafin gari ga wanda injin ke hurowa, cikin ɗan lokaci ɗakin ya zama tanda. Gumi yana ɗiga daga haɓata a kan tebur. Furosesan da kansa ya ji zafi ya rage gudu don kada ya ƙone, layin ya koma rarrafe. Ana cikin haka mai ya ƙare. A Kebbe a kwalba ake sayen fetur, kuma ya fi na Tambuwal tsada. Na ga yayana yana motsa leɓe, yana auna man da aka ƙona da abin da ake biyansa a biki ɗaya. Bai faɗi abin da ya samu ba, ni ma ban tambaya ba.

Majalisa ta watse da kaɗan-kaɗan. Tela ya tuna da ɗinkin da ake jira, mai shayi ya tuna da wutarsa. Surukin ne ya tashi a ƙarshe, ya karɓi sandarsa, ya ce Allah shi kyauta, ya tafi a hankali. Da zagi ya yi da ya fi mini sauƙi.

Na hau wani tudu bayan kasuwa inda ake samun sabis, na kira mai kayan. Ya saurare ni har na gama, ya yi jaje, ya ce amana amana ce, shi ma a kan sharaɗi ya karɓo. Zai iya cigiyar mai saye, amma masu neman irin wannan a jihar nan ba su da yawa, ana iya shafe watanni, kuma ba a kuɗin da aka saya ba. Ban ga laifinsa ba. Kafin magariba muka kwance babban, muka mayar da tsohon allo mazauninsa. Tsohuwar kwamfuta ta tashi da nishinta na kullum. Yayana ya mayar da babban cikin kwalinsa, ya ɗora a kan kanta, ya lulluɓe da wani tsohon zane.

A gidansa muka kwana. Da safe na fito alwala na tarar da san da ya rage a turkensa, kusa da shi ga ɗaya turken da igiya a yashe. An zuba masa harawa bai taɓa ba. Matar yayana ta ce tun ranar da aka tafi da ɗan'uwansa haka yake, sai ya juya wajen turken ya yi ta kuka. Ba ta yi mini maganar kaza ba, ba ta yi mini wasa ko ɗaya ba, kuma tun da aka kawo ta gidanmu ba mu taɓa haɗuwa ba ta tsokane ni ba. Sa ɗaya ba ya jan garma, wannan ko yaro ya sani. Gabas kuma ta yi duhu, iska tana kawo ƙamshin ƙasa daga nesa.

Yayana ya ce shi zai kai ni tasha, abokina ya hau wani babur ɗin. Ƙaramin kwalin yana tsakanina da bayansa, salatif ɗinsa lafiya lau. Bai bi ta kasuwa ba, ya zagaya ta bayan gari. A gindin wata tsamiya, inda ba kowa, ya tsaya ya kashe babur. Bai juyo ba.

"Wancan ƙaramin," ya ce, "da ya yi?"

"Da ya yi, Yaya."

"Har da batir?"

"Har da batir."

Ya kalli gonaki. Sannan ya ce, "Da mu biyu na, jakin nika ɗauka." Ya tayar da babur. A tasha, da mota za ta tashi, ya ce in gaida gida.

Ba mu yi nisa ba ruwa ya sauko, na farko a bana, manyan ɗigo masu tayar da ƙura. Motar ta kaure da hamdala, tsohon da ke gabana ya miƙa hannu ta taga ya shafa a fuska. Ban taɓa jin ruwan fari ya sauka raina ya ɓaci ba sai ranar. Tagar wajena ba gilashi, na cire babbar rigata na naɗe kwalin don kada ya jiƙe, tun da na mutane ne. Da azahar muka shigo Tambuwal, na ba direban Sakkwato kwalin ya mayar wa mai shi yadda ya zo.

Masu tambayata wane furosesa za su saya, ga abin da na dawo da shi. Kafin ka tambayi kwa nawa ne a ciki, tambayi wutar da kake da ita, da rufin ɗakin da za ka ajiye shi, da aikin da kake yi yau ba wanda kake mafarki ba. Babban ba ƙarya ba ne, na ga gudunsa da idona, amma a ƙasarmu na gama-gari da batir mai rai ya fi shi kai ka gida. Wannan duk na san shi tun kafin in tafi, bai kuma amfana wa kowa komai ba. Abin da ban sani ba shi ne, ba a ba mutum shawarar ya ɗauki ƙarami a gaban surukinsa. Da na sauka a gida tukuna, da na kira shi ɗaki mun gama magana kafin a shimfiɗa tabarma, da yanzu aiki yake yi. Na iya kwamfuta, mutanen da na tashi a cikinsu ne na manta, kuma yayana ne ya biya.

Jiya da yamma ya kira ni, sabis ya yi kyau kamar da gangan. Ya ce an sake yin ruwa, ƙasa ta jiƙu sosai, maƙwabta duk sun fita da shanunsu. Ban tambaye shi da me zai yi huɗa ba, shi ma bai faɗa ba.